Wa Zai Zama Likitan Gidanmu?



Duk wanda ya zauna a ajin kimiyya na makarantarmu ya sani, in malami ya tambayi yara abin da suke so su zama, galibinsu likita za su ce. In ya ƙara tambaya, wane irin likita, to, nan ne baki yake buɗewa. Wannan ya ce likitan ƙwaƙwalwa, wancan ya ce likitan zuciya, wani kuwa ya ce shi sai tiyata, har ya riga ya hango kansa cikin koren kaya da takunkumi kamar yadda ake nunawa a fim. Yau shekarata biyar a makarantar nan, ban taɓa jin bakin da ya ce likitan iyali ba. Da yawa ma ba su san da shi ba. Ni kuwa shi nake so in zama, kuma na ɗauki alƙalami ne domin in nemi abokan tafiya, saboda aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Ni ɗan unguwar Television ne, a kudancin Kogin Kaduna. Na san abin da za ku ce, domin tun ina aji ɗaya ake tsokanata a ɗakin kwana, wai in kunna musu labarai. Unguwa ce ta masu neman na kansu, tana maƙwabtaka da Kakuri da Barnawa, ga babbar tashar mota wadda ba ta barci. A layinmu kaɗai akwai Gbagyi da Bajju da Atyap da Ibo da Yarbawa da Hausawa, kowa da harshensa a cikin ɗaki, amma da an fito bakin famfo Hausa ce take haɗa mu. Yawancin tsofaffin unguwar aikin masaƙa ne ya kawo su Kaduna. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya, har wurin ya cika da ma'aikata dubbai. Daga baya sai masaƙun suka yi ta mutuwa, KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Kakana na wajen uba, wanda muke kira Baba Tsoho, ya yi shekara da shekaru a ɗaya daga cikin masaƙun nan. Yakan ce a zamaninsu akwai ɗakin shan magani na kamfani, kati ɗaya ne na gida duka, kuma malamin asibitin ya san sunan kowane yaro nasa. Da aiki ya ƙare, kati ya ƙare, wanda ya san su ma ya tafi.

Kada wani ya ce Kaduna ba ta da asibitoci. Kusa da mu akwai asibitin St. Gerard da na Gwamna Awan a Kakuri, ga asibitin masu taɓin hankali na Gwamnatin Tarayya a Barnawa. In an haye gada ga asibitin koyarwa na Barau Dikko, ga asibitin soja na 44, ga na Yusuf Dantsoho a Tudun Wada. Har ila yau garin nan namu yana da Asibitin Ido na Ƙasa da Asibitin Kunne na Ƙasa. Watau ido yana da gidansa, kunne yana da gidansa, hankali yana da gidansa. Abin tambaya shi ne, mutumin da yake ɗauke da idon da kunnen da hankalin gaba ɗaya, wanda bai ma san wanne ne yake ciwo ba, shi ina zai nufa? Kuma wa zai tuna da shi in ya dawo wata mai zuwa?

Bari in ba ku labarin gidanmu, sa'an nan ku yi hukunci da kanku.

Ina aji biyu Baba Tsoho ya fara kukan ciwon kai da jiri da ciwon gwiwa. Aka je kemis, kamar yadda kowa yake yi a unguwarmu, aka haɗo masa ƙwayoyi kala-kala a ƙullin leda, ja da fari da rawaya, ba suna ba takarda. Ya sha, ya ji sauƙi kwana uku, abu ya dawo. Aka kai shi wani ɗan asibitin kuɗi, aka ɗebi jini, aka ce maleriya da taifot. Wannan magana ta "maleriya da taifot" kun san ta, ko kan mutum ne ya bugu da ƙofa ita za a fara faɗa masa. Aka yi masa allurai, aka ƙara masa ruwa leda biyu, aka karɓi kuɗi. Bayan wata biyu aka sake zuwa wani wuri dabam, nan kuma aka ce jininsa ya hau, aka ba shi magani na sati biyu. Ya shanye, ya ji garau, ya ɗauka ya warke, domin ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa cewa maganin hawan jini ba a daina shi. Wuri uku, kati uku, kuma ba ɗaya da ya san abin da ɗan'uwansa ya bayar.

Ana nan, ran nan da asuba Kaka ta ga bakinsa ya karkace, hannun hagu ya ƙi ɗaguwa, magana tana fita da ƙyar. Lokacin hutu ne, ina gida. Aka ɗauko mai Keke, muka haye gada zuwa wani babban asibiti. Allah ya taimaka abin bai yi tsanani ba, shanyewar ɓarin jiki ce amma ƙarama. Ya yi kwanaki a kwance, ƙwararrun likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu, aka sallame shi, aka ce ya riƙa zuwa sashen da ake ganin marasa lafiya masu zuwa daga gida. A can muka gamu da likitar da ta sa nake wannan rubutu.

Mace ce, ba ta kai mahaifiyata shekaru ba. Ni da Babana muka shigar da Baba Tsoho, Kaka tana biye da mu da babbar ledar magunguna. Likita ta miƙe ta gyara masa kujera, ta ce, "Baba, sannu da jiki. Yaya ƙarfin hannun?" Da Hausa ta yi masa magana, nan take na ga fuskarsa ta saki. Sa'an nan ta ce da Kaka, "Mama, juye mini ledar nan a kan tebur, kada ki rage ko ɗaya."

Kai, jama'a! Tebur ya cika. Ta riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya tana tambaya, wannan wa ya ba ku, wannan tun yaushe ake sha. Ta ware wasu ƙwayoyin kashe ciwo, ta ce irin waɗannan in aka daɗe ana sha suna ƙara hawan jini, suna cin ciki, suna lalata ƙoda, kuma Baba Tsoho ya fi shekara yana shan su saboda gwiwa. Ta sami magani iri ɗaya a kwali biyu masu suna dabam-dabam, ashe ana ba shi abu ɗaya sau biyu. Daga ƙarshe abin da ta bar masa bai cika tafin hannu ba. Ta ɗauki takarda ta zana rana da wata, ta nuna wa Kaka na safe da na dare, domin Kaka ba ta yi boko ba.

Ba ta tsaya nan ba. Ta tambayi wa yake girki, dunƙulen magi nawa ake jefawa a tukunya, ko Baba Tsoho yana barbaɗa gishiri a kan abinci bayan an zuba masa. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda yake cikin magi da burodi. Ta tambayi ko akwai tudu tsakanin ɗakinsa da makewayi, kada ya faɗi. Ta dubi Kaka ta ce, "Ke fa, Mama, wa yake karɓar ki in kin gaji? Kina samun barci?" Kaka ta yi shiru, sai hawaye. Tun da ciwon nan ya fara kowa jikin Baba Tsoho yake tambaya, ba wanda ya tambayi mai jinya.

Sai ta juyo wajen Babana ta ce, "Maigida, kai ne babban ɗansa? Miƙo hannunka."

Babana ya yi dariya ya ce, "Likita, ni ai rakiya na yi. Lafiyata ƙalau, ko ciwon kai ba na yi."

Ta ce, "Na sani. Miƙo dai."

Ta ɗaura masa abin awo, ya nuna 170 bisa 100. Ta ce awo ɗaya ba ya yanke hukunci, ya dawo sau biyu a sake. Ya dawo, bai sauka ba. Likitoci suna cewa jini ya hau in awo ya tsaya a 140 bisa 90 ko fiye. Ta bayyana mana cewa hawan jini yana bin dangi, kuma yawanci ba ya ciwo, ba ya ba da alama. Jini ne yake ta dukan bangon jijiyoyi da ƙarfi shekara da shekaru, kamar ruwan da ya fi ƙarfin tiyo, har wata rana wata jijiya a ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe, ko zuciya ta gaji, ko ƙoda ta lalace. Babana shi ne mai biyan kuɗin makarantarmu mu huɗu, shi yake ciyar da tsofaffinsa. Da ya faɗi irin faɗuwar Baba Tsoho, da wuya a ce ina cikinku yau. Yanzu kullum safe yana haɗiyar ƙwayarsa kafin ya fita, Mama kuma ta rage magi, ko da yake mun yi kwana biyu muna gunagunin miya.

Da za mu fita na karanta abin da aka rubuta a ƙofarta, na tambayi wata nas ma'anarsa. Ta ce ai wannan ƙwararriyar likitar iyali ce, sashen nan duka nasu ne.

To, mene ne likitan iyali? Shi ne likitan da ba ya zaɓen ciwo, ba ya zaɓen shekaru, ba ya zaɓen mace ko namiji. Jariri nasa ne, mai ciki tasa ce, tsoho nasa ne. Shi ne ƙofar farko, kuma shi ne mai riƙe da labarin mutum daga shekara zuwa shekara. Mafi yawan abin da yake kai mutane asibiti, kamar zazzaɓin cizon sauro, da gudawar yara, da ciwon sukari, da hawan jini, da asma, da awon ciki, da damuwa, yana iya gamawa da su a ɗakinsa. Abin da ya fi ƙarfinsa kuwa ya san ƙofar da zai tura ka, ba sai ka yi ta yawo da kuɗin mota kana canki-canki ba. In ƙwararren can ya gama, ka dawo hannunsa. A ƙasarmu ma ana koya masa tiyata irin wadda ake bukata a asibitin karkara, kamar fiɗar haihuwa da ta ƙaba, saboda sau da yawa shi kaɗai ne likita a wurin. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likitan iyali kuwa maƙwabci ne da ya shiga ɗakin sau da yawa har shi ma ya san wurin.

Na san akwai masu cewa wannan ai "janar dakta" ne kawai, wanda bai samu ya ƙware a kome ba. Wannan magana ba ta da tushe. Likitancin iyali fanni ne mai zaman kansa, da horonsa da jarrabawarsa, kuma wanda ya gama shi kwansaltan ne daidai da likitan zuciya ko na ƙashi. A Ingila an kafa kwalejin irin waɗannan likitoci tun 1952, kuma a can kusan kowa yana da rajista da likitan unguwarsa, ba a zuwa wajen ƙwararre sai da takardarsa, in ba gaggawa ba. Amurka ta amince da shi a matsayin fanni a 1969. A nan gida an kafa Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa a 1979, kuma ba da jimawa ba aka fara horar da irin waɗannan likitoci, yawanci a asibitocin mishan kamar Evangel na Jos da na Baptist a Ogbomosho, inda likita ɗaya yakan duba yara da safe, ya karɓi haihuwa da rana, ya yi tiyata da dare. Nijeriya tana cikin ƙasashen Afirka na farko da suka yi haka. Yau manyan asibitocin koyarwa, irin su na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika da na Malam Aminu Kano, suna da sashen likitancin iyali.

Ni a ganina ma wanda yake duba gaɓa ɗaya ya fi samun sauƙi ta wata fuska, domin kafin mara lafiya ya iso gare shi wani ya riga ya tace. Likitan iyali kuwa mutum ne zai shigo masa ya ce, "Jikina ne ba daɗi," shi ke nan. Daga wannan magana tilas ya gano ko gajiya ce, ko ciki ne, ko tarin fuka, ko sukari, ko kuwa bashi ne ya hana mutum barci. A cikin yara hamsin masu zazzaɓi, dole idonsa ya tsinci ɗayan da yake da sanƙarau. In wannan ba ƙwarewa ba ce, to, a gaya mini sunanta.

Mu tuna kuma da wanda aka sa wa babban asibitinmu sunansa. Dakta Barau Dikko, haifaffen Wusasa ta Zariya a 1912, shi ne likita na farko ɗan Arewa. Ya yi karatu a Birmingham ta Ingila, ya dawo ya kama aikin likitan gwamnati, ya rasu a 1977. A zamaninsa likitoci ba su da yawan da za a raba musu gaɓoɓin jiki, duk wanda ya shigo naka ne. Iyayenmu da suke kiran sunansa da girmamawa ba su taɓa tambayar a wace gaɓa ya ƙware ba.

Shugabannin duniya ma sun daɗe da gane inda gizo yake saƙa. A 1978 ƙasashe suka taru a Alma-Ata, cikin Tarayyar Sobiyat ta wancan lokaci, suka amince cewa lafiya a matakin farko, kusa da gidajen mutane, ita ce ginshiƙi. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya tsaya tsayin daka a kan wannan. Jiharmu tana da mazaɓu 255, kuma gwamnati ta ɗauki aikin gyara ƙaramin asibiti ɗaya a kowace mazaɓa. Gini abu ne mai kyau. Amma galibin ƙananan asibitocin nan ma'aikatan lafiya na al'umma da nas-nas da ungozomomi ne suke riƙe da su, suna aiki ba dare ba rana, kuma suna bukatar likita kusa wanda za su miƙa wa abin da ya gagara, wanda zai riƙa zagayowa yana duba aiki tare da su. Siminti ba ya awon jini. Daga cikinmu ne za a sami mutanen, ko kuwa a rasa.

A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekarun da suka gabata, waɗanda suka rage kuwa kimanin 55,000 ne. Na ɗauki biro na raba mutanen Nijeriya, fiye da miliyan 200, da wannan adadi, sai na ga kowane likita ɗaya yana da kusan mutum 4,000 a wuyansa. Wannan ma in an raba daidai ke nan, alhali kuwa kaso mai yawa suna Legas da Abuja. To, in likitoci sun yi ƙaranci haka, wane iri ya kamata a fi yawaitawa, mai duba ciwo ɗaya ko mai duba ciwo ɗari? Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da yawa daga likitocinmu da suka tafi Ingila aikin likitan unguwa suke yi a can, aikin nan da ake rainawa a gida. Ba na zagin wanda ya tafi, kowa ya san halin albashi da rashin kayan aiki, kuma ba a hana mutum neman abinci. Ina dai cewa aikin da Bature yake biyan kuɗi mai yawa a zo a yi masa ba ƙaramin aiki ba ne.

Ba zan ruɗe ku in ce hanya gajeriya ce ba. Da fari sai ka sami kiredit biyar a WAEC ko NECO, watau Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. A jarrabawar JAMB za ka rubuta Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, kuma makin da ake nema na likitanci yana cikin mafi tsauri. In ka sami shiga, ko a Jami'ar Ahmadu Bello wadda ta fara koyar da likitanci a 1967, ko Jami'ar Jihar Kaduna, ko Bayero ta Kano, ko Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ko ta Jos, shekara shida ce, in ba a yi yajin aiki ba. Sa'an nan shekara ɗaya ta koyon aiki a asibiti, da shekara ɗaya ta bautar ƙasa. Bayan haka ne za ka ci jarrabawar share fage, ka shiga horon ƙwarewa na shekara huɗu zuwa shida, kana zagaya sashen yara da na mata da na tiyata da na manya da na taɓin hankali da na ido da na kunne, a ƙarƙashin kwalejin ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. Na lissafa, ni mai shekara 16 zan haura talatin kafin in gama. Amma tun daga shekarar koyon aiki ana biyan mutum albashi, kuma shekarun nan za su wuce ko an yi karatun ko ba a yi ba. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Ƙannenmu na ƙananan azuzuwa, ku ne kuka fi mu dama, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ku riƙe Lissafi tun yanzu, shi ne yake kayar da mutane da yawa a Fiziks da Kemistiri. Akwai kuma wani darasi da ba ya cikin jadawali, shi ne sauraro. Likitar da na ba ku labari ta fi yin tambaya da shiru a kan rubutu. Wanda ba ya iya zama ya ji tsohuwa ta kai ƙarshen zancenta, ko ya cinye kiredit tara, wannan fanni ba nasa ba ne. Kada kuma ku yar da harsunanku. Akwai masu jin kunyar yin Hausa ko Bajju ko Gbagyi a makaranta, wai ƙauyanci ne. Ranar da tsoho zai ce maka cikinsa yana "murɗawa" ko ƙirjinsa yana "suka", ko ya ce "sanyi" ne ya kama shi, ba kalmar Turanci da za ta fitar da kai. Mu 'yan Television da muka tashi da harshe biyu ko uku a baki, an riga an ba mu rabin kayan aiki kyauta.

'Yan'uwana mata, wannan kira ya fi shafar ku. Akwai abubuwan da iyayenmu mata ba za su taɓa faɗa wa likita namiji ba, sai su yi ta ɓoyewa har abu ya ɓaci, ƙullutu a nono ko zubar jini da ba na al'ada ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Na ga yadda Kaka ta buɗe bakinta a gaban likitar nan, abin da ba ta yi a gaban 'ya'yanta ba.

Iyayenmu kuma, ina roƙon ku da ladabi. In ɗanku ya ce zai zama likitan iyali, kada a ce masa, "Duk wahalar nan a kan wannan za ka ƙare?" Ku tuna sau nawa kuka sayi magani a kemis don gudun layin asibiti, sau nawa aka canza muku likita kuka sake labari daga farko, sau nawa aka ɗaura aure ba a yi gwajin jini ba, aka zo ana haihuwar yara masu sikila. In uba da uwa duka suna da AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon. Likitan da ya san gidan tun yaran suna goye shi ne zai faɗi wannan magana tun kafin a kai kayan gaisuwa, lokacin da faɗarta take da amfani. Ni Kaka ta riga ta ba ni goyon baya. In na je hutu takan ce, "Maigidana, ka yi sauri ka gama, kada gwiwar nan ta riga ka." Nakan ce mata ta fara tara kuɗin kati, domin ba na duba mata kyauta.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga Shugaban Makaranta da malaminmu mai ba da shawara kan sana'o'i. Ƙungiyar likitocin iyali ta duniya, WONCA, ta keɓe ranar 19 ga Mayu ta kowace shekara, tun daga 2010, a matsayin Ranar Likitan Iyali. Ranar tana faɗowa a zango na uku, muna makaranta. Na san lokacin 'yan ajin ƙarshe suna fama da WAEC, amma sauranmu muna nan. A rubuta takarda zuwa ɗaya daga cikin asibitocin koyarwa a gayyato mana likitan iyali ɗaya, ya yi mana magana a babban ɗakin taro ko ta awa ɗaya ce, a bar mu mu yi masa tambayoyi. A roƙe shi ya taho da abin awon jini, a gayyaci iyayen da suke kusa, malamai da masu dafa mana abinci da masu gadi su ma su miƙa hannu. Ni na ɗauki nauyin jera kujeru da share ɗakin, kuma duk mai son a sa sunansa a takardar roƙon ya same ni bayan karatun dare.